Yadda ake kafa tarkon fitila a gonar zoɓo da lambun furanni

Tsutsar da ke huda tohon fure ta cinye cikinsa, uwarta faɗa-wuta ce, wannan mai kama da malam-buɗe-littafi da ke yawo da dare. Da rana tana laɓe a ƙarƙashin ganye ko cikin ciyawa, ba mai ganinta. Rana na faɗuwa sai ta tashi, ta tsotsi ruwan fure, ta bi toho da ɗanyen ganye tana ajiye ƙwai ɗai-ɗai. Mace guda ta irin da masana ke kira Helicoverpa armigera, wato uwar tsutsar da manoman auduga da tumatir suka daɗe da sani, tana zuba ƙwai ɗaruruwa, wani lokaci sama da 1,000, kafin ta mutu. Idan da zafi, cikin kwana 3 ko kusa da haka ƙwan ya ƙyanƙyashe. Kafin mai gona ya ga rami a jikin toho, tsutsar ta shige ciki, inda feshi ba ya kai mata yadda ake so.

Tarkon fitila uwar yake tarewa. Sai dai gara a faɗi gaskiya tun yanzu: ba zai share maka gona tas ba, don da yawa daga cikin waɗanda ke faɗawa sun riga sun zubar da wani kaso na ƙwansu. Babban amfaninsa shi ne ya ba ka labarin daren da suka iso, ka tari tsutsar tun tana waje. Rage yawansu ribar ƙafa ce. Wannan bayani zai yi wa mai noman zoɓo aiki, ko a Jigawa yake ko a Katsina ko a ƙasar Maraɗi da Damagaram, haka ma masu rainon furannin ado a bakin titunan Abuja da Kaduna, da masu wardi a Jos.

Fara da sanin abin da ke cin gonar

Kada ka sayi komai tukuna. Ɗauki tocila ka zaga gonar bayan sallar isha'i, sannan ka sake zagawa da hantsi. Idan ka ga toho da rami da kashin tsutsa a bakinsa, ko ganye an naɗe shi an ɗinke da zare, ko ƙaramin dashe an datse shi daga gindi cikin dare, to aikin 'ya'yan faɗa-wuta ne, tarko zai taimaka. Haka idan buzuzu masu ruwan ƙasa ne ke fitowa a farkon damina suna cin ganyen wardi da dare. Su ne iyayen gwazarmar da ke cin saiwa a cikin tukwanen raino. Shinge da gyare da wasu irin hangara su ma suna zuwa wa haske.

Amma farin ƙuda, da darɓa, da 'yan mitsi-mitsin ƙwarin da ke shiga tsakiyar fure su ƙoƙe launinsa, da jan gizo-gizon bayan ganye, da ƙananan buzuzu masu tsalle da ke mayar da ganyen yakuwa da na kuɓewa rariya, duk waɗannan ko dai da rana suke harkarsu ko kuma ba sa tashi sam. Fitila ba ta da abin da za ta yi musu. Banda jan gizo-gizon, su sai allo mai danƙo: a yanka tsohuwar jarka ruwan ɗorawa, a shafa mata giris, a rataya daidai kan shuka. Masu shiga cikin fure kuwa shuɗin allo ya fi jan su.

Zaɓen fitila

Idon ƙwaro ba irin namu ba ne. Ya fi ganin shuɗi da kore da wani haske da ke gaba da shuɗi wanda mu ba ma ganinsa, wanda ake rubutawa UV a jikin kaya. Ja kuwa da kyar yake ganinsa. Saboda haka ƙwan fitilar da ya fi kamu shi ne irin mai shuɗi-shuɗin nan da ke cikin fitilar kashe sauro ko na'urar duba jabun kuɗi. Idan ka ga an rubuta 365 ko 395 a kwalin, shi ne. Idan ba ka samu ba, farin LED mai ɗaukar ido zai yi aiki, kamun dai ba zai kai na wancan ba. Ƙwai mai jan haske ko ruwan ɗorawa ɓarnar kuɗi ne a nan. A Japan ma da gangan masu noman furanni ke kunna fitilu ruwan ɗorawa a ɗakunan rainonsu, don faɗa-wuta ta ɗauka gari ya waye ta lafa. Ka ga wannan kora ce, ba kamu ba.

Akwai wani ƙwan UV da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a asibiti da wuraren tace ruwa, ana rubuta masa UV-C. Kada ka kusance shi, yana ƙona ido da fata. Ko wanda ya dace ɗin ma kada a zura masa ido, a kuma hana yara.

Wat 5 zuwa 10 ya isa. Ga lissafin wuta: ƙwai mai wat 5 idan ya yi awa 4 ya ci wat-awa 20, wato 5 sau 4. Batir mai bolt 12 da amfiya 7, irin na babur ko na ƙaramar UPS, yana ɗauke da wat-awa 84, wato 12 sau 7, amma rabi kawai ya kamata a riƙa ja idan ana so ya yi ƙarko, wato 42. Dare biyu ke nan ko da hadari ya hana caji. Farantin sola mai wat 10 ya ishe shi a ranar arewa. Ka haɗa da ƙaramar kwantirola, wato akwatin da ke daidaita cajin batir, kuma wajen saye ka tambayi wadda ake saita mata awoyi, ta kunna da kanta in duhu ya yi, ta kashe bayan awoyin da ka zaɓa. Wannan ɗan akwatin ya fi sauran kayan muhimmanci, dalilin na nan tafe. Wanda bai da halin wannan duka, fitilar caji ta gida ta wadatar don gwaji, in dai akwai mai zuwa ya kashe ta. Jawo wayar NEPA ko ta janareta zuwa kan bahon ruwa a fili kuwa, ban ba kowa shawara ba.

Haɗa tarkon

Nemi sanduna 3 masu ƙwari, kowace ta kai mita 2 da rabi, ka ɗaure kawunansu wuri guda ka buɗe ƙafafun su tsaya da kansu. Daga wurin ɗaurin ka sako igiya ko waya mai riƙe fitila, yadda za ka iya ɗaga ta ko sauke ta. A saman fitilar ka kifa murfin bokiti ko tsohon faranti ya zama hula, don ruwan sama, da kuma don hasken ya tafi gefe da ƙasa, kada ya tashi sama a banza.

Sai fukafukai. Yanko falle 3 ko 4 na roba mai garai-garai ko farin kwano, kowane kamar kamu ɗaya a faɗi, kamu biyu a tsawo, ka tsayar da su kewaye da ƙwan, kowane na fuskantar nasa ɓangaren. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali shi ne ke yin kamun. A 2024 masu bincike na Imperial College da ke Landan da abokan aikinsu na Amurka sun ɗauki hotunan ƙwari a gaban fitila da kyamara mai sauri, suka ga cewa ƙwaron ba kan hasken yake nufa kai-tsaye ba. Bayansa yake juya wa wuri mafi haske, don a wurinsa nan ne sama, sai ya yi ta kewaya ƙwan ya kasa fita. Mai kewaya kuwa in bai ci karo da komai ba, zai iya kwana yana yi, ko ya gaji ya sauka kan shukar da ke kusa. Fallen nan ne ke tare shi ya faɗo.

A ƙarƙashi ka ajiye baho mai faɗi, santimita 50 zuwa 60, a kan katako da aka ɗaure a jikin sandunan, tazararsa da ƙwan kada ta wuce kamu ɗaya. Zuba ruwa zurfin yatsa guda, ka kaɗa cokali ɗaya na omo. Omon ne ke sa ƙwaro ya nutse nan take. A ruwa zalla zai yi ta iyo har ya kama baki ya fita. Ka huda 'yan ƙofofi kusa da bakin bahon ka toshe da raga, don idan an yi ruwan sama ya tsiyaye ba tare da ya kwashe kamun ba. Kada ka zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a ciki. Ba a bukatarsa, kaji da awaki da tsuntsaye na iya sha, kuma zoɓo abin sha ne da masu saye daga waje ke gwadawa a ɗakin bincike. Irin wannan maganin, dichlorvos, shi ya sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga waken Najeriya a 2015.

Inda ruwa ke wuya, a yi busasshen tarko: babban mazurari a ƙarƙashin ƙwan, bakinsa ya shiga bokiti mai murfi, a jefa tsofaffin kwalayen ƙwai a ciki don ƙwarin su laɓe su natsu. Wannan ya fi wahalar haɗawa, amma ni shi na fi so, don da safe kana iya sakin masu amfani da ransu. Idan ka yanke gefen bokitin ka liƙa raga mai ido kamar ƙwayar gero ko ɗan fiye, ƙananan zanzaron da ke kashe tsutsa za su fice da kansu, faɗa-wuta kuwa ba ta iya bi. Da wannan dabarar aka ƙera wasu tarkunan da ake sayar wa manoma a Indiya.

Inda za a kafa shi

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren da ke mayar da magani cuta. Hankali yana ba mutum ya kafa tarko a tsakiyar gona, inda furen ya fi kyau. To ba duk wanda haske ya jawo ne ke faɗawa baho ba. Wasu za su zo su sauka a kan shukokin da ke kewaye, su yi ƙwai a nan. Bayan mako biyu sai ka ga wurin da ya fi lalacewa a gonar shi ne gindin tarkon. Kamar ka buga gangar biki ne a ƙofar rumbunka.

Kafa shi a gefe, taku 5 zuwa 10 daga layin ƙarshe, a fili wanda ba ciyawa. Wane gefen? Wanda ke fuskantar inda suke fitowa. Zoɓo dangin auduga ne da kuɓewa da rama, ƙwarinsu kusan ɗaya, don haka idan maƙwabcinka na da ɗaya daga cikinsu, ko tumatir, ko masarar da ta fara bushewa, ta can baƙin za su ɓullo. Idan ba ka da irin wannan maƙwabci, sa shi a gefen da iskar maraice ke fita daga gonar, domin faɗa-wuta ƙamshi take bi tana tunkarar iska.

Akwai dalili na biyu da ya shafi zoɓo musamman. Yakuwa ba ta fure sai dare ya fara tsawo, shi ya sa wanda ya shuka a Yuni da wanda ya shuka a Yuli kusan tare suke ganin fure wajen Satumba zuwa Oktoba. Shukar tana auna tsawon duhu ne, kuma haske a cikin dare yana rikita mata lissafi. Masu noman furen kirisantimam a Holan da Japan da wannan suke jinkirta fure da gangan har lokacin da kasuwa ta yi kyau. Kai da ba jinkiri kake nema ba, farin ƙwai mai ƙarfi a kan yakuwa kowane dare zai iya sa na kusa da shi su yi ta ganye, 'yan'uwansu na fure. Jan ɓangaren haske ne ya fi yin wannan aiki, don haka ƙwan UV ya fi sauƙin illa, amma duk da haka tazara ita ce kwanciyar hankali.

Tsayin ƙwan ya ɗara kan shuka da kamu ɗaya ko biyu. Zoɓo yana kai mita 1 da rabi har 2, saboda haka duk mako biyu sai ka ɗaga fitilar da bahon tare. Fitilar da ganye ya rufe ba ta kama komai. Ka nisanta shi da fitilun titi da na tsaron gida, don ƙaramin ƙwai ba ya gasa da su. Masu lambu a bakin titi, ku kai shi can bayan lambun inda ya fi duhu. Hasken tarko ba ya jawo ƙwaro daga nesa sosai, 'yan mitoci goma-goma ne, don haka shawarar da aka fi bayarwa ita ce ɗaya a kowace eka idan rage su ake so, ɗaya a hekta idan labari kawai ake nema. Idan maƙwabta huɗu ko biyar suka kafa a lokaci guda, kowa ya fi ganin amfani fiye da mutum ɗaya a tsakiyar gonakin da ba kowa ke yi ba.

Mai ɗakin raino na raga ko leda, in ɗakin a rufe yake ruf, ya sa tarkon a ciki ya kwashe waɗanda suka riga suka shiga. In akwai yagewa ko ƙofar ba ta rufuwa, ya sa a waje, nesa da ƙofar.

Lokacin kunnawa

Daga magariba zuwa wajen ƙarfe 10 na dare. Awa 3 zuwa 4 ke nan, kuma a cikinsu ne yawancin masu ɓarnar ke tashi. Barin fitila har asuba yana cinye batir, yana ƙara damun shuka, sannan yana ƙara yawan bayin Allah da ke mutuwa ba laifin komai: ƙoƙi-ƙoƙi, da koren ƙwaron nan mai fukafukai kamar leshi wanda 'ya'yansa ke cin darɓa, da zanzaron dare, da faɗa-wutar da aikinta barbarar fure ne kawai. Fitila ba ta tantancewa. Wannan ne aibinta na gaskiya, kuma shi ya sa na ce kwantirola mai awoyi ta fi komai. Ƙudan zuma da sauƙi tunda da rana suke fita, amma kada a kafa tarko kusa da amya.

Ba kuma duk shekara ake kunnawa ba. A gonar zoɓo, fara mako biyu kafin toho ya fito, ka ci gaba har 'ya'ya su ƙosa. A lambun ado, lokuta biyu ne masu zafi: makonnin farko na damina, sa'ad da buzuzu ke fitowa daga ƙasa bayan ruwan fari, da kuma bayan kaka, sa'ad da daji ya bushe lambun da ake ba ruwa ya zama shi kaɗai ne kore a unguwa. Idan sanyin hunturu ya kankama kamu yakan ja baya sosai, kana iya hutar da batir.

Ka riƙa duba kwanan wata. Daga 12 zuwa 16 ga watan Musulunci farin wata yana danne hasken fitila, kamu ya ragu. Wannan ba ya nufin ƙwarin sun tafi. Daren duhu mai ɗumi, marar iska, musamman bayan yayyafi, shi ne daren cika baho.

Aikin safiya

Je da wuri, kafin kaji da ƙadangaru da tururuwa su riga ka. Taka a hankali, ka duba gindin sandunan: ƙwari na jawo kwaɗi, kwaɗi na jawo maciji, kunama ma takan zo cin rabonta. Tace ruwan da rariya, ka baje kamun a kan farin buhu. Da tsinke za ka juya su, ba da yatsa ba, saboda hangara da wani siririn ƙwaro mai baƙi da ja suna tayar da bororo a fata.

Ba sai ka san sunan kowa ba. Uku ko huɗu za ka koya. Uwar tsutsar toho tana da kauri, launin ƙasa-ƙasa ko toka mai ɗan kore, da baƙin ɗigo a fiffiken gaba, fiffiken baya kuma fari-fari mai faɗin baƙin baki. Uwar tsutsa mai ƙaya, wadda ke huda kan reshe da 'ya'yan kuɓewa, ƙarama ce, sau da yawa koriya shar. Mai naɗe ganye fara ce mai ɗan ruwan madara da zane-zanen ruwan ƙasa. Hanya mafi tabbas ta sanin taka: ɗauki tsutsar da ka kama tana ɓarna, ka sa ta a kwalba da ɗan ganye da ƙasa a gindi, ka rufe da tsumma. Cikin mako biyu zuwa uku abin da ya fito shi ne wanda za ka riƙa nema a baho. Ko ka ɗauki hoto da waya ka nuna wa malamin gona.

Rubuta adadin kowace safiya a littafi, da kwanan wata, da ko an yi ruwa. Lambar dare ɗaya ba ta cewa komai. Canjin ake kallo. Idan kana samun ɗaya-biyu, sai kwatsam adadin ya ninka sau uku ko huɗu dare biyu a jere, to sun iso, agogo ya fara bugawa. A ranar ka zaɓi shuka 20 daga sassa daban-daban na gonar, ka duba toho da saman ɗanyen ganye. Ƙwan faɗa-wutar fari ne, bai kai ƙwayar gero ba, ɗai-ɗai yake zama. A ƙaramin lambu murje shi da hannu ya wadatar. A babbar gona kana da kwana 3 zuwa 5 ka yi feshi ya sami tsutsar tana ƙarama a waje.

Ga wanda ke son kauce wa maganin kanti: a daka ƙwallon darbejiya busasshe da aka ɓare, giram 50 a kowace lita ta ruwa, wato giram 800 ga tankin goyo mai lita 16. A jiƙa ya kwana, a tace da tsumma mai laushi, a kaɗa ɗan sabulu, a fesa da yamma lis, lokacin da zuma ta koma gida kuma rana ba za ta kashe ƙarfinsa ba. A maimaita bayan mako guda. Akwai kuma maganin Bt, wanda tsutsa kaɗai yake kashewa, shi ma sai tana ƙarama yake ci. Mai furen sayarwa ya gwada a kan tukunya biyu tukuna, don wasu furannin masu laushi suna yin tabo. Idan kuwa littafin ya nuna shiru, shuka 20 ɗin ma ba ƙwai, to ka bar kuɗin feshinka a aljihu wannan makon.

Kamun da aka gama ƙirgawa a binne shi. Shinge da gyare daga busasshen tarko ana iya ba kaji, amma a tsince hangara tukuna, guba ce gare su. Ruwan baho a canja shi duk kwana 2 ko 3 kafin ya yi wari, a zubar nesa da gindin shuka. A goge ƙwan da fukafukan da farantin sola, musamman idan ƙura ta taso. Batir da sola kuma, in gonar na nesa da gida, a ɗaure su da sarƙa ko a riƙa tafiya da su, don hasken da ke kiran ƙwaro yana nuna wa mai dogon hannu hanya.

Bayan an cire zoɓo, kwance tarkon, ka yi wa batir caji kafin ka ajiye shi a inuwa. Tsutsar toho a cikin ƙasa take kwanciya ta rikiɗa, ba ta yin zurfi, don haka a tuge karan yakuwa a kuma kafce gonar, rana da tsuntsaye su gama da waɗanda suka kwanta. Ƙwaron buhu da ya taɓa sa Meziko ta dakatar da sayen zoɓon Najeriya kuwa ba ya tashi, fitila ba ta kama shi. Nasa maganin shanya mai kyau ne, da sabon buhu, da share sito kafin a zuba kaya.